Jacques Plante: Golan da Ya Ƙi Komawa Fili da Fuska a Buɗe

Yawancinmu a wannan makaranta ba mu taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce wadda ake jefawa a ruwan sha ba, ko wadda takan zubo tare da ruwan sama a farkon damina. Duk da haka, a bana mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihin wani mutum da ya nemi abincinsa a kan ƙanƙara kusan shekara 30. Sunansa Jacques Plante, ana faɗinsa Jak Pilant, mutumin ƙasar Kanada ne, mai tsaron gida a wasan hokin ƙanƙara. An haife shi a 1929, ya rasu a 1986. Ya ci kofuna da yawa, amma abin da ya sa aka fi tunawa da shi shi ne taurin kan da ya yi a wani dare na shekarar 1959, wanda ya jawo masa ba'a da zargin tsoro, daga baya kuma ya ceci idanu da haƙora da rayukan mutane masu yawa.

Yadda wasan yake

Kafin mu shiga labarin, bari mu ɗan bayyana wasan, domin wanda bai san dawa ba ba zai gane wahalar maharbi ba. Waɗanda suka taɓa buga hoki a filin makaranta da sanda mai lanƙwasa sun riga sun san rabin abin. Bambancin shi ne, a Kanada filin ruwa ne da ya daskare ya zama kamar dutse, tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 85, an kewaye shi da katako. 'Yan wasa suna sa takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, da shi suke sulɓi da gudun da mai keke ba zai kamo su ba. Kowane ɓangare mutum 6 ne, ɗaya daga cikinsu gola. Ana wasan sau 3, kowane zagaye minti 20.

Ba ƙwallo suke bugawa ba. Wani ɗan faifan roba ne baƙi mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa wajen giram 170. Ana ma sa shi a firij ya daskare kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Mai ƙarfin bugu yakan aika shi da gudun da ya wuce kilomita 150 a awa ɗaya. Ragar da ake nufi da shi kuwa faɗinta ƙafa 6, tsayinta ƙafa 4, aikin gola kuma shi ne ya tare wannan faifai da duk abin da Allah ya hore masa a jiki. To, a zamanin da muke magana, gola yakan ɗaure ƙafafu da ƙirji da hannuwa da kayan kariya, amma fuskarsa a buɗe take, ba ko ƙyalle.

Babbar gasar wannan wasa ita ce NHL, wadda aka kafa a 1917. Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi 6 kawai ke cikinta: biyu a Kanada, wato Mantiriyal da Toronto, huɗu a Amurka, wato Bostan da Shikago da Ditiroyit da Niyu Yok. Kowace ƙungiya kuma gola ɗaya take dogara da shi. Ke nan a duk duniya kujeru 6 ne kawai ga masu wannan sana'a a matakin ƙoli. Kofin da suke nema sunansa Kofin Stanley, an fara bayar da shi a 1893.

Ɗan fari cikin goma sha ɗaya

An haifi Plante ranar 17 ga Janairu, 1929, a wata gona kusa da Notre-Dame-du-Mont-Carmel a lardin Kwibek, inda harshen Faransanci ne harshen gida. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya 11. Yana ƙarami iyayensa suka koma garin Shawinigan, inda mahaifinsa ya sami aiki a wata masana'anta. Shekarun nan su ne na babban karayar tattalin arzikin duniya da ya fara a 1929, albashin mutum ɗaya kuma shi ke ciyar da gidan duka. Wanda ya tashi ɗan fari a gida mai yawa ya san abin da wannan ke nufi: raino, da wanki, da girki, da ɗinke abin da ya yage.

Ba kuɗin sayen kayan wasa. Mahaifinsa ya sassaƙa masa sanda daga saiwar itace, ya riƙa buga ƙwallon tanis a kan ƙanƙara ba tare da takalman sulɓi ba. Da ya fara tsaron gida, mahaifin ya sake haɗa masa abin kare ƙafafu da buhunan dankali da 'yan allunan katako. Mahaifiyarsa kuma ta koya masa saƙa, domin ya saƙa wa kansa hular ulu ta maganin sanyi. Wannan saƙa bai bar ta ba har ya tsufa. Ko da ya zama shahararre, a cikin jirgin ƙasa abokan wasansa suna karta, shi yana gefe da zarensa da alluransa.

Abubuwa biyu na rashin lafiya suka tura shi raga. Yana ɗan shekara 5 ya faɗo daga tsani ya karya hannu, ƙashin kuma bai haɗu daidai ba, sai da aka yi masa aiki bayan ya girma. Na biyu, yana da ciwon fuka, wanda likitoci ke kira asma, tun yana yaro. In ya yi gudu mai tsawo numfashinsa yakan sarƙe. Gola kuwa ba ya bin fili sama da ƙasa. Abin da ya hana shi zama ɗan gaba shi ya nuna masa wurin da zai yi fice.

Yana da shekara 12, wata rana yana tsaye yana kallon manyan 'yan makarantarsu, samari masu shekara 17 da 18, suna atisaye, sai golansu ya yi faɗa da mai horar da su ya fita. Yaron ya matsa ya roƙa a bar shi ya tsaya. Da yake ba wani, aka bar shi. Bai sake barin wurin ba har ƙarshen kakar. Bayan shekara 2 yana tsare wa ƙungiyoyi 5 gida a lokaci guda, ciki har da ta masana'antar garin. Da ya ji cewa sauran 'yan wannan ƙungiya ana biyansu don ma'aikata ne, sai ya je ya nemi hakkinsa, aka yanka masa rabin dala a kowane wasa.

Nan ga wani abu da muke so ɗalibanmu su lura da shi. Tun bai gama sakandare ba aka fara zawarcinsa da kuɗi, har daga Ingila. Iyayensa, duk da talaucinsu da bakunan da suke ciyarwa, suka ce a'a, sai ya gama makaranta. Ya gama a 1947 da sakamako mai kyau ƙwarai, ya kama aikin akawu a wata masana'anta. Bayan 'yan makonni ƙungiyar Citadelles ta birnin Kwibek ta ɗauke shi a kan dala 85 a mako, wannan karon da yardar gida.

Golan da ke yawo

A can ya fara abin da ya ba masu horarwa haushi. Al'adar lokacin ita ce gola ya tsaya a bakin ragarsa kamar an dasa shi, komai ya faru a bayan raga ba ruwansa. Plante ya duba ya ga masu tsaron bayansa ba su da sauri, abokan hamayya sukan riga su isa faifan. Sai ya fara fita da kansa, ya zagaya bayan raga, ya tsayar da faifan, ya miƙa wa nasa. Hujjarsa mai sauƙi ce: muddin faifan yana hannunsa, ba mai iya buga masa shi. Yana kuma yi wa 'yan bayansa magana da ƙarfi yana gaya musu inda haɗari yake, domin shi kaɗai ke ganin filin gaba ɗaya. Yau kowane gola haka yake yi, har ana koya wa yara. A lokacin kuwa ganin mai neman suna ake yi masa.

A 1949 ya yi aure, ya kuma koma ƙungiyar Royals ta Mantiriyal, wadda take kamar ɗakin jira ga babbar ƙungiyar birnin, Canadiens. A kakar 1952 zuwa 1953 golan Canadiens, Gerry McNeil, ya karye a muƙamuƙi, aka kira Plante ya riƙe wurin na wasa 3. Tun a nan ya yi karo da koci Dick Irvin, wanda ya hana shi shiga fili da hular da ya saƙa. A wasannin neman kofi na 1953 aka sake sa shi a wani wasa da Shikago wanda in sun faɗi an fitar da su, ya hana a ci shi ko ɗaya. A shekarar aka rubuta sunansa a jikin Kofin Stanley karo na farko. Kafin 1955 ya zama shi ne golan ƙungiyar.

A 1955 Toe Blake ya zama koci. Ƙungiyar tana da gwanaye irin su Maurice Richard da Jean Béliveau da Doug Harvey da Bernie Geoffrion. Suka ɗauki Kofin Stanley sau 5 a jere, daga 1956 zuwa 1960, abin da ba wata ƙungiya da ta sake yi. A duk waɗannan shekaru 5 Plante ne ya karɓi Kofin Vezina, wanda a lokacin ake ba golan ƙungiyar da aka fi ci kaɗan. An sa wa kofin sunan Georges Vézina, wani tsohon golan Canadiens da tarin fuka ya kashe a 1926.

Farashin fuska

Nasarar nan da jini aka saye ta. A 1954 faifan ya fasa masa ƙashin kunci a wurin atisaye. A 1955 aka fasa ɗaya kuncin, shi ma a atisaye. Hancinsa ya karye ba sau ɗaya ba, ɗinkin da aka yi masa a fuska kuwa ya yi yawa ainun. Ba shi kaɗai ba ne. Gololin zamanin duk haka fuskokinsu suke, tabo kan tabo, yawancinsu ba haƙoran gaba. In an fasa wa gola fuska sai a tsayar da wasa, likita ya ɗinke shi a ɗakin sa kaya, ya dawo ya ci gaba. Wannan shi ake kira jarumtaka, 'yan kallo su tafa, 'yan jarida su yaba.

Abin ya ƙara muni a shekarun 1950, domin 'yan wasa sun koyi wani sabon bugu, inda mutum zai ɗaga sanda sama ya sauke ta da dukan ƙarfinsa. Faifan ya ƙara gudu, ya kuma fara tashi sama daidai kai. Wasa ya canja, kayan gola ba su canja ba.

Daga 1956 Plante ya fara sa marufin fuska a wurin atisaye. Daga baya wani ma'aikacin kamfanin zaren gilashi mai suna Bill Burchmore ya kawo masa shawara: a shafa masa filasta a fuska a ɗauki siffarta, a zuba marufi mai tauri wanda zai kwanta daidai a kan ƙashi, da ramukan ido da na baki. Aka yi haka. Koci Blake ya yarda a sa shi a atisaye, amma ban da ranar wasa. Yana da dalilinsa, kuma ba na banza ba ne: yana tsoron marufin zai hana gola ganin faifan in ya faɗo kusa da ƙafafunsa. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan ƙarfi a zukatan mutane, wato ganin cewa namiji ba ya ɓoye fuska. An taɓa gwadawa a baya. A 1930 wani gola mai suna Clint Benedict ya sa marufin fata na 'yan wasanni bayan an karya masa hanci, ya ga yana tare masa gani, ya ajiye. Tun daga nan ba golan da ya sake shiga wasan gasar NHL da marufi har kusan shekara 30.

Daren 1 ga Nuwamba, 1959

Ranar nan Canadiens suka je Niyu Yok wasa da Rangers a zauren Madison Square Garden. Wajen minti 3 da farawa, Andy Bathgate na Rangers ya bugo faifan ya sami Plante a fuska, ya tsaga shi daga gefen leɓe zuwa hanci. Ya faɗi, jini ya ɓata ƙanƙara, aka kama shi aka fitar. Likita ya yi masa ɗinki 7. Wasa ya tsaya wajen minti 20, dubban mutane suna jira.

A ɗakin sa kaya Plante ya gaya wa kocinsa cewa zai koma, amma da marufinsa, in ba haka ba kuwa ba zai koma ba. Mu tuna halin da yake ciki. Kujeru 6 ne a duniya, samari da yawa suna jiran ya kauce. A zamanin ɗan wasa ba shi da bakin musu da koci, ana iya tura shi ƙaramar ƙungiya washegari, ga mata da 'ya'ya a gida. Amma shi ma Blake yana cikin matsi, domin bai zo da wani ƙwararren gola ba, in Plante ya zauna sai dai a nemo wani ɗan koyo daga cikin zauren. Dole ta sa ya yarda, da sharaɗin za a cire marufin in ciwon ya warke.

Plante ya fito da rigar da jini ya ɓata da wata farar fuska mai ramukan ido, kamar dodo. Zauren ya ɗauki guna-guni. Canadiens suka ci wasan 3 da 1.

Ciwo ya warke, ya ƙi cirewa. Nan fa surutu ya tashi. Wasu tsofaffin 'yan wasa da masu horarwa da marubuta suka ce tsoro ne ya kama shi, wasu suka ce ya ɓata wa wasan kyau, wasu ma gololi 'yan uwansa suka ce su ba za su sa ba. Abin da ya rufe bakin mutane shi ne sakamako. Jerin wasannin da ƙungiyar ta yi ba a doke ta ba, wanda ya faro tun kafin wannan dare, ya kai 18. Ranar 8 ga Maris, 1960, Blake ya roƙe shi ya gwada wasa ɗaya ba marufi. Ya yi biyayya, Ditiroyit ta ci su 3 da nema. A wasa na gaba marufin ya dawo, bai kuma sake fita ba. A ƙarshen kakar suka ɗauki kofinsu na 5 a jere. Gani ya kori ji.

Duk da haka al'ada ba ta mutuwa da wuri. Terry Sawchuk, ɗaya daga cikin manyan gololin zamanin, sai a 1962 ya fara sawa. Gump Worsley ya ƙi har sai wasanninsa na ƙarshe a 1974. A wannan shekara ce Andy Brown na ƙungiyar Pittsburgh ya zama gola na ƙarshe da ya tsaya fuska a buɗe a gasar NHL. Shekara 15 ke nan kafin abin da yau kowa ke gani a fili yake ya zama ruwan dare.

Rabuwa da Mantiriyal

Ba za mu ɓoye ba, Plante ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Ba ya shiga taron abokan wasa, an san shi da riƙon kuɗi, wanda ba abin mamaki ba ne ga wanda ya tashi yadda ya tashi, kuma ba ya jin nauyin faɗin gwanintarsa a gaban 'yan jarida. Ciwon fukarsa ma ya zama abin rigima. Wani lokaci yakan tashi masa dab da wasa, a Toronto har yakan bar masaukin ƙungiya ya kwana wani wuri don ya ce iskar wurin tana tayar masa da shi. Kocinsa ya fara ganin ba za a iya dogara da shi ba, wasu kuma suna raɗe-raɗin cewa ciwon a ka yake. Haka aka yi da ya yi kukan ciwon gwiwa a kakar 1960 zuwa 1961. Aka yi ta shakka, sai da likitoci suka buɗe gwiwar suka tarar da gaske guringuntsi ya yage.

Bayan aikin gwiwar ya dawo da ƙarfinsa. A kakar 1961 zuwa 1962 ya buga dukan wasanni 70, ya karɓi Vezina na 6, aka kuma ba shi Kofin Hart na ɗan wasan da ya fi kowa amfani ga ƙungiyarsa, wanda ba kasafai gola ke samu ba. Amma zumuncinsa da shugabannin ƙungiya ya riga ya yi tsami. A watan Yuni na 1963 aka yi musayarsa zuwa Rangers, ita ce ƙungiyar da aka fasa masa fuska a gidanta. Rangers ba ta da ƙarfi a lokacin, bai ji daɗin zaman ba. A 1965, matarsa ba lafiya, gwiwarsa kuma tana bukatar wani aikin, sai ya ajiye wasa yana da shekara 36.

A ƙarshen wannan shekara aka roƙe shi ya tsaya wa ƙungiyar matasan Mantiriyal a wasa ɗaya da ƙungiyar ƙasa ta Tarayyar Sobiyet, wadda ke ɗaukar kofin duniya a lokacin. Suka ci 2 da 1, shi ne kuma gwarzon daren.

Dawowa

A 1967 aka faɗaɗa gasar daga ƙungiyoyi 6 zuwa 12, aka shiga neman gololi. A 1968 Plante ya dawo fili tare da sabuwar ƙungiyar St. Louis Blues, yana dab da shekara 40. Shi da wani tsohon gwani, Glenn Hall, suka riƙa karɓa-karɓa a raga, suka raba Kofin Vezina na 1969. Nasa na 7 ke nan, ba kuma golan da ya kai wannan adadi.

A watan Mayu na 1970, a wasan farko na zagayen ƙarshe na Kofin Stanley tsakaninsu da Bostan, wani bugu mai ƙarfi na Fred Stanfield ya goci sandar wani ya same shi a tsakiyar goshi. Marufin ya tsage, shi kuma ya faɗi a sume, aka kai shi asibiti. Da ya farfaɗo ya shaida wa mutane cewa ba don marufin ba da ya mutu. Abin da aka yi masa dariya a kansa shekara 10 da suka wuce shi ya tsaya tsakaninsa da kabari.

Daga 1970 zuwa 1973 ya yi wasa a Toronto. A kakarsa ta farko a can, yana da shekara 42, shi ne golan da aka fi ci kaɗan a gasar, ƙasa da ci 2 a kowane wasa in an raba. A can ya ɗauki wani matashin gola, Bernie Parent, ya koya masa sana'ar daga tushe, Parent kuma ya je ya ɗauki Kofin Stanley da ƙungiyar Philadelphia a 1974 da 1975. Plante ya ƙarasa kakar 1973 a Bostan, ya gwada aikin koci da manaja a ƙungiyar Nordiques ta Kwibek na shekara ɗaya, abin bai karɓe shi ba, ya sake komawa raga a ƙungiyar Edmonton Oilers, a wata gasa dabam, har ya kai shekara 46. A 1975, yana shirin sabuwar kaka, labarin rasuwar ƙaramin ɗansa ya iske shi. Daga nan ya rataye takalmansa, bai sake ba.

A gasar NHL ya buga wasa 837 na kaka, ya ci 437, a wasa 82 kuma ba a jefa masa ko ɗaya ba.

Malami har ƙarshe

Ilimin da iyayensa suka tsaya ya samu bai tafi a banza ba. Plante mutum ne mai rubuta abin da ya gani. Yakan yi nazarin kowane ɗan gaba, ta ina yake son bugu, me yake yi in an matse shi. A 1972 ya wallafa littafi a kan tsaron gida, da Faransanci da Ingilishi, wanda ya bi sana'ar daki-daki, daga tsayuwa da motsa jiki har zuwa abin da gola zai ci ranar wasa. Ya kafa kamfanin ƙera marufin fuska a garin Magog, ya yi ta gyara siffarsa don faifan ya riƙa gocewa maimakon ya daki ƙashi kai tsaye. Bayan ya bar wasa ya riƙa horar da gololi a ƙungiyoyi dabam dabam. A 1978 aka shigar da shi zauren tunawa da gwanayen hoki da ke Toronto.

Shekarunsa na ƙarshe a ƙasar Suwizalan ya yi su tare da matarsa ta biyu. A ƙarshen 1985 aka gano yana da ciwon daji a ciki, wanda ya riga ya yi nisa. Ya rasu a wani asibiti a Janeba ranar 27 ga Fabrairu, 1986, yana da shekara 57, aka binne shi a garin Sierre. Ranar jana'izar, wasu yara 'yan hoki daga Kwibek suna ƙasar don wata gasa. Da aka fito da akwatinsa daga coci, suka jeru layi biyu suka ɗaga sandunansu sama, aka wuce da shi ta ƙarƙashinsu. A 1995 ƙungiyar Canadiens, wadda ta rabu da shi cikin ɓacin rai, ta jingine lambarsa ta 1, ba wanda zai sake sa ta.

Abin da ya rage mana

Da wuya wani cikinmu ya taɓa tsayawa a gaban ragar ƙanƙara. Amma irin matsin da Plante ya shiga ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun ga ɗalibi a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ya tura tabarau na kariya cikin aljihu don kada 'yan aji su yi masa dariya. Mun ga saurayi a kan babur ya rataye hular kwano a hannu. Mun ga mai walda yana kare ido da tafin hannu. Mun ga yarinya mai ciwon fuka tana ɓoye maganinta don kada a ce raguwa ce. Kowannensu ya san gaskiya, bakin mutane yake tsoro fiye da ciwon. In kuwa tsautsayi ya faɗa, masu dariyar ba sa raka mutum asibiti.

Mu lura kuma da yadda ya yi nasa musun. Shekara 3 yana gwada marufin a atisaye kafin ya shiga da shi wasa. Da aka ce ya cire na wasa ɗaya, ya cire. Bai zagi kocinsa ba, bai gudu daga fili ba, ya koma da ɗinki 7 a fuska ya gama aikinsa, ya bar sakamako ya yi masa shaida. Wannan ya bambanta da taurin kan yaron da ya ƙi bin doka don kawai an ce ya bi. Mu malamai da iyaye ma akwai namu a ciki. Blake gwanin koci ne, ya ɗauki Kofin Stanley sau 8, amma a wannan magana ɗan wasansa ya fi shi gaskiya. Yana da kyau babba ya saurari na ƙasa da shi tun kafin jini ya zuba.

Ga masu fita a bana, muna roƙonku ku riƙe wannan. Duk inda aiki ya kai ku, asibiti ko gareji ko gona ko ofis, za ku tarar da wani abu da ake yi don haka aka saba, ko da yana cutar da mutane. Ku fara ƙwarewa a aikin tukuna, yadda in kun yi magana za a saurara. Sa'an nan ku faɗi gaskiya da ladabi, ku kuma tsaya a kanta. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ɗan akawun nan na Shawinigan mai saƙa hularsa ya yarda da haka tun ana yi masa dariya, yau kuwa ba uwar da za ta bar ɗanta ya tsaya a raga fuska a buɗe.